Waƙar Ciki a Zauren Malamai: Matsayin Waƙar Raha da ta Talla a Kundin Sani

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 1998 wata waƙa ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya. Waƙar ta fito ne daga wani wasan katun na Amurka mai suna South Park, a bakin wani kuku na ƙage wanda mawaƙi Isaac Hayes ya ara wa murya. Turkenta wata alewar cakulan ce da marubutan wasan suka ƙirƙira, kalmominta kuma masu harshen damo ne, suna karkata ga batsa. Mai waƙar zane ne, abincin ƙage ne, amma kuɗin da jama'a suka kashe wajen sayenta na gaske ne. Daga nan tambaya ke tasowa ga duk mai tattara kundin sani, wato insakulofidiya: shin irin wannan waƙa ta cancanci a ware mata shafi, kamar yadda ake ware wa manyan ayyukan adabi?

Ɗalibin adabin Hausa ba ya bukatar tsallaka teku kafin ya ci karo da wannan tambaya. Tana nan a Kano, cikin gajerun waƙoƙin da aka yi ta tallata kayan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da su. Matsayin wannan maƙala shi ne, darajar abin da aka waƙe ba ita ce ma'aunin shiga kundi ba. Ma'aunin shi ne sawun da waƙar ta bari a cikin jama'a, da kuma hujjar da za a iya nunawa a kan wannan sawu.

Waƙar Ciki a Adabin Hausa

Bahaushe ya daɗe yana waƙe abinci don raha. 'Yan kama su ne gwanayen wannan fage. Sukan yi shigar malamai, su kwaikwayi muryar mai wa'azi, amma duk karatun a kan tuwo da miya da nama yake ƙarewa. Sukan kuma ɗauki karin waƙar da kowa ya sani, su zare kalmominta, su cusa na ciki. Idan da nauyin jigo ake aunawa, babu abin da ya kai wannan sauƙi. Duk da haka C. G. B. Gidley ya rubuta maƙala sukutum a kan 'yankamanci a mujallar African Language Studies a 1967, Graham Furniss kuma ya ba su gurbi a littafinsa na adabin Hausa na 1996. Abin da manazarta suka hango shi ne, ɗan kama yana faɗa wa masu faɗa a ji abin da talaka ba zai iya faɗa ba, yana fakewa da kwaɗayi.

Zargin cewa abin da aka waƙe ƙage ne shi ma ba ya da ƙarfi. Ta-kitse, yarinyar tatsuniya da ta samu daga kitse ta kuma narke da aka kai ta bakin wuta, ba a taɓa ganinta a wani gari ba. Ruwan Bagaja ba ya cikin rijiyar kowa, amma Abubakar Imam ya ɗauko shi daga tatsuniya ya gina littafin da ya yi nasara a gasar 1933, har yau kuma ana karanta shi a makarantu. Idan aka ce sai abin da ake iya taɓawa da hannu ne zai shiga kundi, to an kori Gizo da Ƙoƙi tun daga ƙofar zaure.

Daga Farantin Talla zuwa Rediyo

Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, ta kuma bunƙasa ne a kan gyaɗa da layin dogo da ya iso birnin a 1911. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya. A Bompai kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yake; a Sharaɗa kamfanin Dala Foods ya ƙulla shayi da garin kunun tsamiya a cikin fakiti; a Challawa kuma akwai masana'antar lemon kwalba da manyan majemu. Majemi bai damu da waƙa ba, domin yawancin fatar da yake jemewa ƙasashen waje take nufa. Amma mai alewa da biskit da man gyaɗa da sabulu, wanda cinikinsa ke hannun uwargida da yaron aike, dole ya nemi hanyar shiga cikin gida. Da can 'yar talla ce ke wannan aiki, da farantinta da kirarinta. Da kaya suka koma na inji, sai rediyo ya gaje ta. Gidan rediyon Freedom ma, da ya fara watsa shirye-shirye a 2003, a tsakiyar masana'antun Sharaɗa ya kafa sansaninsa.

Wanda ya saurari irin waɗannan waƙoƙi da kunnen nazari zai tarar da zubi da tsari na musamman. Da daƙiƙa ake sayen lokaci a rediyo, saboda haka mawaƙi ba ya da sararin sharar fage ko jan ɗiyan waƙa kamar makaɗin fada. Sunan kaya shi ne gindin waƙa, shi ne amshi, gare shi ake dawowa bayan kowane layi. Ana kambama kwalin shayi da irin zugar da ake yi wa basarake, a yi wa jabu habaici ba tare da an kama sunan abokin gasa ba. Kiɗan ma yana da tarihinsa: daga kalangu da sauran kayan gargajiya ya koma fiyano, lokacin da ɗakunan haɗa waƙoƙin finafinan Hausa suka yawaita a Kano. Ashe a cikin rabin minti ana iya samun kirari da zuga da habaici, ana kuma iya jin yadda kiɗan gari ya sauya.

Hujjojin Masu Ƙi

Masu ƙin a ba waƙar talla shafi suna da hujjoji, bai kamata a raina su ba. Ta farko, waƙa ce ta haya, wadda aka biya a yi. Ta biyu, ranta gajere ne, takan mutu ranar da kwangila ta ƙare. Ta uku, idan aka buɗe mata ƙofa, kundin sani zai koma allon talla, kowane mai kamfani ya turo tasa.

Hujja ta farko ba za ta tsaya ba, domin da ita za a rusa rabin waƙar baka. Makaɗan fada don kyautar doki da riga suke yi, Mamman Shata kuma ya waƙe attajirai da masu mulki da suka yi masa alheri, babu wanda ya ce wannan ya rage masa fasaha. Ta biyu gaskiya ce ga mafi yawan waƙoƙin, sai dai ba ga dukkansu ba: akwai waɗanda yara suka mayar waƙar wasa, manya kuma ke rerawa shekaru bayan kayan sun bar kasuwa. Hujja ta uku ita ce mai nauyi, ita ce kuma ta wajabta a kafa ma'auni.

Ma'auni

Abu uku ya kamata a tambaya game da kowace waƙa. Shin ta rayu bayan an daina biyan kuɗin sanya ta? Shin ta bar alama a harshe ko a al'ada? Shin wani wanda ba mai kaya ba, ba kuma mawaƙin ba, ya yi magana a kanta ta hanyar da za a iya komawa a duba? Cewa talla na iya shiga harshe ba abin musu ba ne. Bahaushe na kiran kowane man goge baki makilin, kowane garin sabulu omo, kowane ɗanɗanon miya magi, alhali duk sunayen kayan kamfani ne. Waƙar da ta cika sharuɗɗan nan uku ta cancanci shafinta, ko da a kan alewa aka yi ta. Wadda ba ta cika ba, a ambace ta a ƙarƙashin babban shafi na waƙoƙin talla, domin shi rukunin gaba ɗayansa ya riga ya cancanta.

Da wannan ma'auni waƙar katun ɗin nan ta Amurka za ta wuce cikin sauƙi, domin alƙaluman cinikinta a rubuce suke. Tamu kuwa za ta maƙale a sharaɗi na uku. Dalili shi ne, a baka ta rayu, kuma gidan da ya haife ta ya girgiza. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, faɗuwar darajar naira da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje sun rufe masana'antu da dama a waɗannan unguwanni. Idan kamfani ya rufe, ginin kan koma rumbun ajiya, injuna a sayar, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin adana waƙarsa. Wani kayan, a yau waƙar ce kaɗai shaidar cewa an taɓa yin sa a Kano. Ya zama abinci na ƙage ga yaron da ya ji iyayensa na rera ta.

Kammalawa

Kundin sani ba ya ƙirƙirar hujja, tattarawa yake yi. Da Frank Edgar bai tattara tatsuniyoyi a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 ba, da Gidley bai zauna da sana'ar 'yan kama ba, da masu kundi sun rasa madogara a kan abubuwa da yawa da ake taƙama da su yau. Don haka nauyin yana wuyan ɗaliban adabi kafin ya kai ga masu kundi. Tsofaffin ma'aikatan rediyo, da mawaƙan da suka yi waƙoƙin, da leburorin da suka ƙulla kayan, wasunsu suna raye, kaset-kaset kuma suna kwance a akwatuna. A je a same su, a rubuta sunan mawaƙi da shekara da kayan kiɗa da gidan rediyon da ya fara sanya waƙar. Idan an yi haka, sai a bar ma'auni ya tace wadda za ta samu shafi da wadda za ta tsaya a layi ɗaya.