Kamfanin Blumhouse: Yadda Ƙarancin Kuɗi ke Tsara Labari

Kamfanin Blumhouse, wanda Jason Blum ya kafa a Amurka a shekarar 2000, ya yi suna ne da finafinan ban tsoro. Tsarinsa shi ne a kashe kuɗi kaɗan, a sakar wa darakta mara, ƴan wasa su karɓi ɗan abin da ya samu, sauran ladansu ya jira riba. Paranormal Activity, wanda Oren Peli ya ɗauka a gidansa da kimanin dala 15,000, ya bazu a gidajen silima a 2009, ya tara fiye da dala miliyan 190.

Abin lura ga ɗalibin tarke shi ne yadda wannan tsimi ke shiga cikin zubi da tsarin labari, wato gida ɗaya, taurari kaɗan, sau da yawa dare ɗaya. A The Purge na 2013, dokar da ta halatta kisa ta shafi ƙasa baki ɗaya, amma an kulle mai kallo cikin gida guda. Tsoro ya ƙaru, sai dai jigon siyasar bai samu warwara ba. Get Out na Jordan Peele, 2017, ya fi cin moriyar matsin, domin gidan iyayen budurwar shi kansa ne hoton wariyar launin fata.

Raunin kamfanin shi ne maimaici. A 2018 aka mai da The Purge shirin talabijin, aka ja dare ɗaya har kashi 10, zafin labarin ya huce.