Aro Ko Sata? Abin Da Adabin Ƙasashen Sanyi Ya Koya Mini Game Da Magana Jari Ce

Dalilin wannan ɗan sharhi nawa shi ne wata gardama da ta tashi a wajen taron ƙungiyarmu a nan Samaru. Wani ɗan'uwa ɗalibi ya gabatar da takarda a kan Magana Jari Ce, ya kawo abin da manazarta suka daɗe da ganowa, watau da yawa daga cikin labaran da Alhaji Abubakar Imam ya sa a bakin aku sun fito ne daga littattafan wasu al'ummu, kamar Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamusawan nan 'yan'uwa biyu masu suna Grimm, da kuma na Hans Christian Andersen, mutumin ƙasar Danmak. Da ya gama sai ya yanke hukunci, wai Imam ba mawallafi ba ne, mai kwashe kayan mutane ne kawai. Wuri ya kaure da hayaniya, wasu na cewa ya zagi uba, wasu na cewa gaskiya ɗaci gare ta. Ni dai ban ce uffan ba, domin ba ni da hujja a hannu, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Bayan 'yan kwanaki na shiga mota zuwa PZ, sai na ga tarin tatsuniyoyin Andersen cikin Turanci a wajen wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Na saya don in ga mutumin da aka ce an yi wa sata. Daga nan ne na bi sawu zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na shiga karance-karance a kan adabin ƙasashen arewacin Turai. Abin da na samo shi nake so in baje a nan.

Su Wane Ne Mutanen Nan?

Ƙasashe biyar ake nufi: Danmak, da Norwe, da Suwidin, da Aislan, da Finlan. Harsunan uku na farko 'yan ɗaki ɗaya ne, har masu su kan fahimci juna in an yi magana a hankali. Harshen Aislan danginsu ne, sai dai ya riƙe tsohuwar kama. Na Finlan kuwa daban yake, ba ya cikin zuriyarsu sam. A jami'o'in waje akwai sassa sukutum da aka keɓe don nazarin harsuna da adabi da al'adun waɗannan mutane. Alal misali, Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta buɗe nata sashen tun 1875, kuma a jami'ar nan ce Neil Skinner, wanda ya taɓa aiki a hukumar NORLA a nan Zariya, ya koyar da Hausa. Ke nan an zauna a harabar makaranta ɗaya ana nazarin Gizo da Ƙoƙi, ana kuma nazarin tatsuniyoyin Danmak.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan ɗalibin Hausa da mutanen da ƙanƙara ke rufe wa ƙofa? Amsa ita ce, tambayar da ta raba mu a taro, su sun fi shekara ɗari suna fama da ita, har sun ƙera mata kayan aiki.

Andersen Da Tufafin Sarki

An haifi Andersen a garin Odense cikin 1805, ubansa mai ɗinkin takalma, uwarsa mai wankau. Ya fara fitar da tatsuniyoyinsa a 1835, masu sharhi na lokacin kuwa suka yi masa ca, wai ya rubuta harshe kamar yadda ake magana a tsakar gida. A 1837, watau shekara ɗari cif kafin fitowar littafi na farko na Magana Jari Ce, ya buga shahararren labarinsa na sababbin tufafin sarki. Ga yadda yake a taƙaice. Wasu 'yan damfara biyu suka zo wa sarki mai son ado, suka ce za su saƙa masa yadin da ba mai ganinsa in dai wawa ne ko bai cancanci muƙaminsa ba. Suka karɓi zinariya da siliki, suka yi ta kaɗa masaƙa ba zare. Duk bafaden da aka aika ya dubo sai ya dawo yana yabo, don tsoron kada a ce bai isa ba. Sarki ma haka. Ranar hawa ya fita tsirara, jama'a na ta kirari, sai wani ƙaramin yaro ya faɗi abin da idonsa ya gani.

To, abin mamaki, wannan labari ba Andersen ne ya ƙago shi ba, kuma shi da kansa ya faɗi haka daga baya. Yana cikin wani littafin ƙasar Sifen mai suna El Conde Lucanor, wanda wani basarake, Don Juan Manuel, ya gama a 1335, zamanin da Musulmi ke mulkin wani yanki na Andalus. Andersen ya gamu da shi ne ta hanyar fassarar Jamusanci. Idan ƙa'idar ɗan'uwana ce za mu bi, ashe wanda aka ce an yi wa sata shi ma ɓarawo ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Amma bari mu ajiye labaran biyu gefe da gefe mu ga inda suka saɓa. A na Sifen 'yan damfara uku ne, kuma sharaɗin yadin shi ne ba mai ganinsa sai ɗan halas. Sarkin ya yi murna, domin yana ganin ya sami hanyar gane waɗanda ba su cancanci gado ba, ya ƙwace dukiyarsu. Wanda ya fasa ƙwai a ƙarshe kuwa wani baƙar fata ne mai kula da dokin sarki, wanda ba shi da abin da zai yi asara. Andersen ya sauya abu biyu. Na farko, ya cire maganar asali ya sa maganar muƙami da basira, domin a birnin Kwapanhagan na zamaninsa, mai cike da ma'aikatan hukuma, abin da ke hana mutum barci shi ne a ce bai iya aikinsa ba. Ɗan mai ɗinkin takalma da ya kutsa cikin manya ya san wannan tsoro sarai. Na biyu, ya sa gaskiya a bakin yaro, kuma an tabbatar cewa ya ƙara wannan ƙarshe ne bayan rubutun ya riga ya isa maɗaba'a. Da waɗannan sauye-sauye biyu jigon ya tashi daga tsoron tonon asiri, ya koma munafuncin masu riƙe da kujera. Wannan shi ne aikin mawallafi, kuma ba a ganinsa sai an san tushen.

Kayan Aikin Da Suka Ƙera

Mutanen Finlan ne suka fara mai da bin sawun tatsuniya ilmi mai tsari. A 1910 Antti Aarne ya fitar da wani kundi wanda ya kasa tatsuniyoyi iri-iri, ya ba kowane iri lamba. Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa shi a 1928 da 1961, sannan Hans-Jörg Uther na Jamus ya sake gyara shi a 2004. A cikinsa labarin tufafin sarki shi ne lamba 1620. Amfanin kundin shi ne yana nuna cewa labari ɗaya kan ɓulla a ƙasashe da yawa, a bakin mutanen da ba su taɓa jin sunan juna ba. Sai dai masu wannan hanya sun fi damuwa da neman siffar farko da kuma garin da labari ya fito, kamar dai duk sauran siffofin gurɓatattu ne.

Wanda ya yi musu gyara shi ne Carl Wilhelm von Sydow, malami a Jami'ar Lund ta Suwidin, wanda ya rasu a 1952. Ya ce tatsuniya ba ta tafiya da ƙafarta, mutum ne ke ɗaukar ta, kuma a kowace al'umma masu iya ba da ita kaɗan ne, saura masu saurare ne. Ya kuma aro wani tunani daga ilmin tsirrai, cewa iri in ya daɗe a wata ƙasa yakan sauya ya dace da ruwanta da turɓayarta, har ya zama na wurin. Mu mutanen Samaru bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Asalin masara daga nahiyar Amurka ne, amma ga Cibiyar Binciken Aikin Gona nan kusa da mu tana fitar da irin da ya dace da daminarmu, kuma ban taɓa jin wanda ya ture tuwon masara don wai baƙo ne ba.

Mu Koma Ga Imam

Da wannan ma'auni ya kamata a auna Magana Jari Ce. Da farko dai Imam bai ɓoye kome ba. A cikin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989 an bayyana cewa a 1936 Dokta Rupert East ya kawo shi Zariya daga Katsina, ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa don ya yi aiki da su. Wanda aka ba kaya da rana tsaka ba a kiransa ɓarawo.

Na biyu, mu dubi abin da hannunsa ya yi. Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. Ƙashin bayansa yana cikin littafin su Grimm, kuma a kundin Aarne shi ne lamba 1741: mace ta cinye kajin da aka soya don baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa har ya ruga, sannan ta ce wa maigida baƙon ne ya gudu da kajin. A wajen Jamusawa macen kuku ce, 'yar aiki mai kwaɗayi, don haka labarin na bara ne da ubangidansa. Imam ya mai da ita matar aure. Nan take labarin ya shigo cikin gidan Bahaushe, ya zama na miji mai son a san shi da karamci a waje, da matar da ke shan hayaƙin murhu a ciki. Dariyar da muke yi ta wanda ya san irin wannan gida ce. Daɗin daɗawa, ga sunayen da ya raɗa musu, ga karin magana, ga yadda ya saƙa labarin cikin babban labarin aku. Duk wannan ba ya cikin littafin Jamusawa.

Ban ce duk labaran sun sami irin wannan gyara daidai wa daida ba. Mai yiwuwa in aka bi su ɗaya bayan ɗaya a tarar da waɗanda rigar Hausa ba ta zauna musu sosai ba, kuma aikin mai tarke ne ya nuna su ba tare da jin nauyin kowa ba. Abin da na ƙi shi ne a tsaya ga gano tushe a ce an gama nazari, alhali nan ne aka fara. Haka kuma ban yarda da 'yan'uwana masu jin haushin a ambaci tushen ba, domin wanda ya hana a kwatanta Kalalatu da kukun Jamusawa ya hana a ga gwanintar Imam.

Kammalawa

Ina ganin akwai aikin da ke jiranmu. Bugun Magana Jari Ce da muke karantawa a aji ba ya gaya wa ɗalibi inda kowane labari ya fito, shi ya sa in ya ji daga baya sai ya ɗauka an tona wani asiri ne. Me zai hana ƙungiyarmu ta raba labaran littattafan uku a tsakanin 'ya'yanta, kowa ya ɗauki biyu ko uku, ya nemo 'yan'uwansu a wasu harsuna, ya rubuta abin da Imam ya riƙe, da abin da ya zubar, da abin da ya ƙara, a riƙa bugawa a wannan mujalla? Haka nan tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da na Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, duk suna buƙatar irin wannan bin sawu.

Ga kuma wata tambaya da zan bar wa ɗan'uwana mai takarda, da sauran masu karatu. Da a ce yau za a ba ɗayanmu labarin tufafin sarki ya mai da shi Hausa, wane sharaɗi zai sa wa yadin, na asali ko na muƙami? Wa kuma zai sa ya faɗa wa sarki gaskiya: yaro, ko wawan sarki, ko kuwa jikan sarki wanda al'ada ta ba shi damar tsokanar kakansa? Duk wanda ya zauna ya gwada amsawa zai gane nauyin aikin da Imam ya yi sau da dama cikin 'yan watanni a garin nan namu. Allah ya jiƙansa da rahama, mu kuma ya ba mu haƙurin bincike kafin yanke hukunci.