Ido Kafin Yatsa: Gwanayen Ƙwallon Gem a Kilomita Biyar

A yawancin gidajen gem, ko a Kano, ko a Maraɗi, ko a nan Kilomita Biyar ta birnin Bangui, doka ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya, ya kuma tashi ya miƙa wa na bayansa hannun gem. Wanda ya ci yana nan zaune. Wannan doka ita ce ta horar da gwanayen da nake son in ba da labarinsu. Yaron da kuɗin aljihunsa bai wuce na wasa biyu ba, ba ya buga ƙwallo da ganganci, domin duk fasin ɗin da ya ɓatar, sefa ce ta fice daga aljihunsa. Kafin layi ya zo kansa ma ya daɗe a tsaye yana kallon wanda ke kan benci, yana haddace ta inda yake son shiga da kuma inda yake jin tsoro. Mai PlayStation a ɗakinsa, wanda ke sake wasa duk sa'ad da ya ga dama, da wuya ya sami irin wannan horo.

Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, ita ce cibiyar cinikin Bangui, kuma nan Musulmin birnin suka fi taruwa: Hausawa, Fulani, Barebari, Larabawan Chadi, da jikokin fataken da suka taso daga Mali da Senegal. A layi ɗaya sai ka ji Sango da Faransanci da Hausa da Larabci. Rikicin da ya ɓarke a 2013 ya sa aka yi wa unguwar ƙawanya, fita daga cikinta ya zama kasadar rai, kuma ko ranar 30 ga Nuwamban 2015 da Fafaroma Francis ya ziyarci Babban Masallaci, haka lamarin yake. Samarin da ke riƙe da hannun gem a yau ƙananan yara ne a wancan lokaci. Ni dai ba na raina duk abin da ya zaunar da su wuri guda suna gardama suna dariya.

Hajar kasuwar nan galibi daga tashar jiragen ruwa ta Douala take tasowa, ta biyo ta Garoua-Boulaï da Bouar a manyan motoci, kuma na'urorin gem da na fi gani na hannu ne: PS4 wadda ta fito a 2013, da tsohuwar PS3, sai PS5 jefi-jefi. Wutar da ake jawowa daga Boali ba ta wadatar da birnin, sai an haɗa da janareta, ga data da tsada. Saboda haka ba a cika buga wasa ta intanet da wani baƙo na nesa ba. Abokin karawarka yana nan gefenka, kafaɗa da kafaɗa, kana jin numfashinsa, kana jin ƙarar madannin da ya taɓa. Gwanintar wurin nan daga nan ta samo kamanninta.

Sabon shiga ƙwallo yake kallo. Gwani kuwa idonsa na kan 'yar taswirar da ke ƙasan allo, wadda ke nuna 'yan wasa 22 a matsayin ɗige-ɗige. Kyamarar wasan wani yanki na fili kaɗai take nunawa, ɗan wasan gaban da ke shirin tsere wa masu tsaron baya sau da yawa yana wajen hoton. A taswirar ake ganinsa. Shi ya sa za ka ga gwani ya danna madannin alwatika ya zura ƙwallo inda kai ba ka ga kowa ba, sai ga mutum ya fito daga gefen allo ya tarbe ta, daga shi sai gola. 'Yan kallo su ce sa'a ce, alhali tun fasin biyu da suka wuce ya hango shi.

Sai dai ba a wajen cin ƙwallo nake gane gwani ba. A tsaron gida nake gane shi, kuma nan ne zan ɗan daɗe.

Kafin FIFA 12, wadda ta fito a 2011, mai wasa kan danne madanni ɗaya ne kawai, mai tsaron baya ya bi mai ƙwallo da kansa har ya ƙwace. Daga waccan shekarar kamfanin EA ya sauya tsarin, aka bar wa mai wasa nauyin sanin inda zai tsaya da lokacin da zai kai ƙafa. Nan aka fara rarrabe tsakanin masu haƙuri da masu gaggawa. Mai gaggawa da zarar ya ga ƙwallo ta nufo gidansa sai ya zaɓi mai tsaron baya na tsakiya ya ruga da shi, a yanke shi, ƙofa ta buɗe. Gwani ba ya taɓa mutanen bayansa sai dole. Da sandar dama yake zaɓar ɗan wasan tsakiya, ya jawo shi baya, ya riƙe L2 don ya tsaya yana fuskantar mai ƙwallo yana ja da baya a hankali, ya toshe layin da fasin zai bi. Bai damu ya ƙwace nan take ba. So yake ya tilasta maka ka ba da fasin ɗin da ba ka so, a lokacin da ba ka shirya ba. Hannu ɗaya yana tafiyar da mutum guda, ɗayan yana ta sauya wanda za a kama, ido kuma yana lissafin mutum uku da ba su riƙe da ƙwallo. Duk wannan a wasan da hotonsa ke sauyawa sau 60 a daƙiƙa ɗaya.

Wani saurayi da na sha kallon wasansa, wanda kan zauna a benci har masu layi su gaji, na tambaye shi me ya sa ba ya kai tara da wuri. Ya ce, "Kawu, ai in na kai ƙafa na gaya masa abin da ke raina. Gara shi ya fara gaya mini nasa." Duk ɗan kasuwar da ya iya ciniki ya san wannan: wanda ya fara furta farashinsa na gaskiya shi aka yi wa wayo, shi ya sa mai saye da mai sayarwa kowa ke jan lokaci yana auna ɗan'uwansa. Haka waɗannan samari suke auna juna a mintunan farko. Wannan yana son gefe ne ko tsakiya? In ya shiga da'irar gola, bugawa yake yi ko mayarwa baya? In an ci shi, ruɗewa yake yi? Zuwa hutun rabin lokaci gwani ya gama karanta mutum, sai ya shiga wajen tsara 'yan wasa ya sauya abu ɗaya ko biyu, ya matsar da layin baya, ko ya cire wanda ya gaji. Mutanen ƙasar nan sun ga amfanin irin wannan haƙuri a fili na gaske: ranar 7 ga Oktoban 2021, a filin Teslim Balogun na Legas, 'yan wasan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka yi ta tare Super Eagles har wasa ya zo ƙarshe, sannan Karl Namnganda ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da aka ci a wasan.

A ɓangaren kai hari, abin da ya fi burge ni ƙarami ne. Ana danna madannin bugu, sai a soke shi nan take da madannin fasin, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa kamar zai buga sai ya ja ƙwallo gefe, mai tsaron baya ya zube ƙasa. Kowa ya san yadda ake yi, yaro ma ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne sanin sau nawa za a yi. Gwani zai yi maka sau ɗaya tun da wuri don ka sa a ranka, sannan a karo na biyu, da ka tsaya kana jiran yaudara, ya buga da gaske. Ga kuma ma'aunin ƙarfi, wanda ke cika gwargwadon daɗewar yatsa a kan madanni: in ya yi yawa ƙwallo ta tashi sama, in ya yi kaɗan ta tafi hannun gola. Gwani ba ya kallon ma'aunin, yatsansa ya riga ya san tsawon dannawar. Ya kuma san wane ɗan wasa ne bahago, wane ne ƙafarsa ta biyu ba ta da kirki, don haka yakan juyar da shi zuwa ƙafar da ta dace kafin ya buga. Ko Geoffrey Kondogbia, ɗan ƙasar nan da ya koma Marseille a 2023, in ka riƙe shi a gem sai ka tuna bahago ne.

Kada a manta da hannun gem ɗin kansa. Na gidan gem ya sha yatsu, sandarsa takan saki ta riƙa jan ɗan wasa gefe ko ba a taɓa ta ba. Gwani yakan gwada shi a daƙiƙun farko, ya gane ta inda yake ja, ya gyara bugunsa daidai da haka, ba tare da ya ce uffan ba.

Game da wasannin da na buga a 'yan kwanakin nan, ra'ayina bai ɓoyu ba. EA Sports FC, sunan da FIFA ta koma tun 2023 bayan kamfanin ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta fi kyan gani, ga sunayen ƙungiyoyi da rigunansu na gaskiya, ga sauri. Amma saurin nan yakan yi yawa, har mai ɗan wasan gaba mai gudu ya iya rufe rashin iyawarsa da shi. A FC 25 na ji daɗin sabon wasan 'yan biyar-biyar da suka kira Rush, domin fili ƙarami ne, ba wurin ɓuya, kuskurenka a bayyane yake. PES 2021 ta kamfanin Konami kuwa, wadda har yanzu masoyanta ke sabunta mata 'yan wasa da kansu, ƙwallonta tana da nauyi. Fasin yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, ɗan wasa ba ya juyawa sai ya daidaita jikinsa, kuma in ka ba da ƙwallo kana kallon wani gefe, za ta karkace. Wannan nauyin shi ke ba mai tunani dama a kan mai gaggawa, shi ya sa na fi son ta. Lokacin da Konami ta maye gurbinta da eFootball a Satumban 2021, wasan ya fito da kurakurai har kamfanin ya nemi gafara. An gyara shi sosai daga baya, sai dai yawancin daɗinsa a intanet yake, abin da bai dace da benci da janareta ba.

Tsakanin wasannin biyu akwai tarko. A FC madannin da'ira ne bugu, mai kusurwa huɗu kuma doguwar ƙwallo. A PES akasin haka ne. Gudu ma a FC R2 ne, a PES R1. Ana iya sauya tsarin madannan, amma akwai samarin da ke tashi daga wannan allo su koma wancan ba tare da sun sauya komai ba, hannunsu ya juya da kansa. Waɗannan su nake cire wa hula.

Na san abin da wasu dattawa ke cewa, kuma ba duka ne kuskure ba. Yaron da ya bar makaranta ko shagon ubangidansa ya tare a gaban allo ya cuci kansa, wanda ya mayar da wasan caca kuma ya ɓata shi. Mai gidan gem na kirki shi ne wanda ke kashe allo in an kira salla, ya kuma kori mai rigar makaranta da safe. Amma a ce babu gwaninta a ciki, wannan ban yarda ba. A 2018 wani saurayi ɗan Saudiyya, Mosaad Aldossary, ya lashe gasar gem ɗin FIFA ta duniya a Landan, ya tafi da dala 250,000. Labarin da ya fi kusa da namu shi ne na Arslan Ash, ɗan birnin Lahore na Pakistan, wanda ya koyi wasan faɗa na Tekken a gidajen gem na garinsu. A 2019, lokacin da ake ganin wasan na 'yan Koriya ta Kudu da Japan ne, ya sha wahalar biza da ta jirgi ya isa Japan ya lashe gasar EVO ta can, sannan ya tafi Las Vegas ta Amurka ya lashe babbar, inda ya doke gwanin Koriya da ake kira Knee, ya faɗi ya yi sujada a gaban jama'a. Daga nan ne duniya ta gane cewa Lahore cike take da irinsa, waɗanda suka goge ta hanyar karawa da juna fuska da fuska, ba wanda ya san da su a waje.

Ba na cewa akwai zakaran duniya a Kilomita Biyar. Abin da na gani shi ne samari masu ido da haƙuri, waɗanda gwanintarsu ba ta wuce bangon shagon da suke bugawa. Manyan 'yan kasuwar unguwar nan da ke taimaka wa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa da riguna, ba zai gagare su ba su sa kofi da 'yar kyauta a hutun makaranta, a haɗa gwanayen layuka a wuri ɗaya, a gayyato na unguwannin Miskine da Boy-Rabe da Lakouanga su zo su zauna a benci guda da namu. Allo biyu, janareta ɗaya da alƙali mai gaskiya sun isa a fara.