Siffar Allah: Ina Aka Baro Mace?

Yau tsokacin namu zai leƙa gidan maƙwabta ne, wato Kiristoci, a kan wata magana da suke ji da ita ƙwarai, cewa Allah ya halicci ɗan Adam cikin siffarsa da kamanninsa. Na san wata tana jin haka za ta dafe ƙirji ta ce a'uzu billahi, wace irin siffa kuma? Dakata 'yar uwa, kada ki yi saurin rufe littafin. Manyan malamansu ba su ce Allah yana da hanci da kunne irin namu ba. Abin da suke nufi shi ne an ba wa mutum wani abu da ba a ba wa akuya ko bishiyar dabino ba, wato hankali da zaɓi da iya ƙauna da ɗaukar amanar duniya. Mu ma ai Alƙur'ani ya yi maganar karrama 'ya'yan Adamu, akwai kuma hadisi a Buhari da Muslim mai ambaton sura, wanda malamai suka daɗe suna fassara shi da taka-tsantsan. Wannan na malamai ne, na bar musu kayansu. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, me masu wannan aƙida suka yi da ita, musamman da aka zo kanmu mata?

Maganar tana cikin babi na farko na littafin Farawa, aya ta 26 da ta 27. Kiristocin Arewa suna karanta ta da Hausa, don Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da harshenmu tun 1932, Dokta Miller na Zariya ne ya ja gaban aikin. In za a faɗi gaskiya, maganar tana da nauyi. A Masar da ƙasar Iraki ta dā, sarki ake wa kirari da surar abin bauta. Sunan Fir'aunan nan Tutankamun ma, ma'anarsa rayayyar surar Amun. Talaka kuwa, oho, shi dai ya kawo haraji. Sai ga littafi ya zo ya kwance rawanin daga kan sarki ya naɗa wa kowa, mai doki da mai jaki, kuma a cikin ayar nan ɗaya ya ambaci namiji ya ambaci mace. A babi na 9 an hana zubar da jinin mutum saboda wannan dalili. Wasiƙar Yakubu ma ta tsawatar wa mai yabon Allah da harshensa, ya juya ya la'anci mutane da wannan harshen, alhali an yi su cikin kamannin Allah. Wallahi duk mai sauraro da adalci zai ce an yi magana.

To amma fa, faɗa da baki daban, cikawa daban. Tun a cikin littafin aka fara samun tangarɗa. Bulus, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa babi na 11, yana bayanin lulluɓi a wurin addu'a, sai ya kira namiji siffa da ɗaukakar Allah, mace kuwa ya kira ta ɗaukakar namiji. Bai fito fili ya ce an cire ta ba, amma ya bar ƙofa a buɗe, waɗanda suka biyo baya suka shiga da takalmansu.

Dubi Agustin, wanda ya rasu a shekarar 430, ɗan Afirka ne, limamin garin Hippo, inda Annaba take a Aljeriya ta yau. Mutum ne mai kaifin basira, shi ya ce siffar tana cikin zuciyar ɗan Adam, a wajen tunawa da fahimta da nufi. Ya yarda ta wannan fuska mace da namiji ɗaya suke. Amma da ya zo sasanta Farawa da Bulus, sai ya ce mace in an haɗa ta da mijinta siffar ta cika, in an ɗauke ta ita kaɗai a matsayin mataimakiya ba a kiranta haka, shi kuwa namiji ko shi kaɗai ne ya isa. Kai jama'a! To bazawara fa? Budurwar da ba ta yi aure ba fa? Masu kare shi suna cewa misali kawai yake bugawa da mace da namiji a kan sassan hankali. Na ji. Amma me ya sa kullum in za a buga misalin ƙasa sai a ɗauko mace? Shi kansa ya rubuta cewa hawaye da addu'ar mahaifiyarsa Monika suna cikin abin da ya juyo da shi kan hanya, ga shi kuma a nan alƙalaminsa ya yi mata rowa.

Daga nan abin ya tashi daga hannun masu tunani ya koma hannun alƙalai. Wajen shekarar 1140 wani masani mai suna Giratiyan ya tattara dokokin coci a Italiya, a ciki aka ɗauko tsohuwar maganar cewa ba a yi mace cikin siffar Allah ba, aka jingina ƙasƙancinta a gaban shari'a da ita. Tomas Akwinas da ya rasu a 1274 ya ɗan gyara, ya ce a asalin ma'ana dukansu biyu suna da siffar, amma akwai wata ma'ana ta biyu da namiji ya keɓanta da ita. Wato an ba ki da hannun dama, an ɗan tsakura da na hagu. Irin rabon naman nan ne da ake cewa kowa ya samu, amma an san wanda aka ajiye wa tsoka.

Ba mata kaɗai aka yi wa haka ba. Tun ƙarni na 4 wani limami, Giregori na Nisa, ya tashi a wa'azi yana tambayar masu bayi da wane kuɗi za a iya sayen siffar Allah. Shi wannan, yayarsa Makirina ce ta yi masa tarbiyyar addini, kuma bai ɓoye ba, malamarsa yake kiranta. Amma muryarsa ba ta yi nisa ba. A 1537 sai da Fafaroma ya fitar da takarda cewa 'yan asalin nahiyar Amurka mutane ne na gaske, kada a bautar da su. Duk da haka a 1550 aka zauna a Baladolid ta Sifaniya ana gardamar ko ya halatta a ci su da yaƙi. Wadda ta taɓa zuwa Gana ta shiga gidan bayi na Kef Kos, za a nuna mata ɗakin ibada a sama, kurkukun bayi maza a ƙarƙashinsa. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila ta mallaki gonakin rake da bayi a tsibirin Barbados, har ana yi musu lamba da ƙarfe mai zafi a ƙirji, sai a 2006 cocin ya nemi gafara. Ba na faɗin wannan don mu yi musu dariya, mu ma kasuwanninmu sun ga cinikin bayi, kowa ya san haka.

Abin da ya ba ni mamaki, kuma shi ya hana ni yar da maganar gaba ɗaya, shi ne waɗanda aka zalunta ba su je wani wuri neman makami ba, ayar nan dai suka ɗauko. A 1838 wata Ba'amurkiya, Sarah Grimke, 'yar gidan masu bayi ce da ta juya wa sana'ar gidansu baya, ta fitar da wasiƙu a kan daidaiton maza da mata. Ba ta tsaya kame-kame ba, ta koma babin farko na Farawa ta nuna wa malaman coci cewa an ambaci mace tare da namiji, kuma su biyun aka damƙa wa mulkin dabbobi da ƙasa, ba a damƙa wa ɗayansu mulkin ɗan uwansa ba. Martin Luther King a Amurka da Desmond Tutu a Afirka ta Kudu, da wannan hujja suka tunkari masu wariyar launin fata, waɗanda su ma da Littafin a hammatarsu. A ganina laifin bai rataya a wuyan ayar ba. Masu tafsirin ne, kusan dukansu maza, masu mulki ko masu cin abinci a gidan masu mulki, kowa ya leƙa cikinta sai ya hango fuskarsa. Ko zanen da Mikelanjelo ya yi a rufin wani ɗakin ibada na Batikan tsakanin 1508 da 1512 ya isa shaida, ya zana Mahalicci a matsayin dattijon Bature mai furfura yana miƙa wa Adamu yatsa. An ce an yi mutum cikin siffar Allah, mai zane ya juya abin ya yi Allah cikin siffar mutanen garinsu.

Yanzu an samu sauyi, ba zan hana su yabonsu ba. A 1988 Fafaroma John Paul na biyu ya rubuta doguwar wasiƙa a kan martabar mata, ya tabbatar cewa mace da namiji daidai suke a wannan siffa, babu ragi. Matan Zumunta da kike gani da ankonsu da tulun kiɗansu a Jos ko Sabon Garin Kano, ba na jin akwai faston da zai tsaya gabansu ya karanto musu hukuncin Giratiyan. Sai dai gardamar ba ta mutu ba, wuri ta sake. Cocin Ingila ya fara naɗa mata limamai a 1994, mace ta farko ta zama bishop a can a 2015. A wannan shekara ta 1994 kuwa, shi Fafaroman da ya yi waccan wasiƙa ya ce cocin Katolika ba shi da ikon naɗa mace limamiya. Cikin hujjojin da Batikan ta kawo tun 1976 har da cewa limami yana tsayawa ne a madadin Almasihu, don haka ya kamata ya yi kama da shi, shi kuwa namiji ne. Kin ga an sake dawowa kan kama da siffa ke nan, kuma har gobe matan Katolika da yawa suna tambayar yadda aka yi suka isa ɗaukar ta farkon, ta biyun ta gagare su.