Jinjina ga Masu Goge

A Turai, mai son koyon biyola yakan shiga makarantar kiɗa. A nan Kano kuwa, zauren maigida ne makarantar mai goge. Yaro kan yi shekara da shekaru yana ɗaukar kaya, yana koyon rufe ƙoƙo da fatar guza, yana shafa ƙaro a izgar doki, kafin a yarje masa ya ja tsirkiya gaban jama'a. Ba a rubuta darasi, da kunne ake ɗauka. Dattawan Yakasai da suka taso suna jin gogen Garba Liyo da kukumar Ibrahim Na Habu a rediyo, guminku suka mora, ku iyayen gidan da ba a ambaton sunayenku. Allah ya saka muku da alheri.