Suna a Kan Dutse: Mutum-mutumin Disraeli da Maɓuɓɓugar Rathenau

A dandalin da ke gaban Majalisar Ingila a birnin Landan akwai mutum-mutumin tagulla na Benjamin Disraeli, aikin Mario Raggi, wanda aka buɗe ran 19 ga Afrilu 1883, watau shekara biyu cif bayan rasuwarsa. An siffanta shi cikin alkyabbar sarauta. A fuskar dutsen da ya ke tsaye a kai kuwa, abin da ido ke fara cin karo da shi kalma guda ce: Beaconsfield.

Wannan kalma ba sunansa ba ne, sarauta ce da Sarauniya Biktoriya ta naɗa masa a 1876. Bahaushe ba zai yi mamakin haka ba, don ya saba jin sarauta ta haɗiye sunan yanka, kamar yadda Sardauna ya isa a gane Sir Ahmadu Bello. Amma fa sunan da aka ture a nan ba kamar sauran sunaye ba ne. Asalinsa D'Israeli, ma'anarsa na Isra'ila, sunan da shi kaɗai ya isa ya faɗi tushen mai shi.

Abin da ya sa wannan ya ke da nauyi shi ne dokar zamanin. An haifi Disraeli Bayahude a 1804, mahaifinsa ya sa aka yi masa baftisma a 1817. Ba don haka ba da bai shiga Majalisa a 1837 ba, balle ya zama Firayim Minista a 1868, da kuma daga 1874 zuwa 1880, domin kuwa sai wanda ya yi rantsuwa irin ta Kirista ke zama a kujerar. Lionel de Rothschild, wanda ya ƙi wannan rantsuwa, an zaɓe shi a 1847, bai zauna ba sai 1858. Disraeli ya tsaya masa a Majalisa alhali yawancin jam'iyyarsa ta 'yan mazan jiya na adawa, kuma a gidan Rothschild ɗin nan ya ranto fam miliyan 4 a 1875 ya saya wa Ingila hannun jari a Mashigin Suez. Ko ɗaya cikin wannan tagullar Raggi ba ta nuna ba. Ƙira ce mai kyau, lalle, amma kirari ne na bawan sarauta, wanda in an canja fuska zai dace da kowane hakimi na zamanin.

A Jamus kuwa al'amarin ya sha bamban. Walther Rathenau bai bar addinin Yahudanci ba har ya zama ministan harkokin waje a 1922, aka kuwa harbe shi a Balin ran 24 ga Yuni na shekarar. A 1930 Georg Kolbe ya ƙera maɓuɓɓugar ruwa ta tagulla don tunawa da shi da mahaifinsa Emil. Jikinta ba siffar mutum ba ce, murɗaɗɗen abu ne mai hawa sama, ba alkyabba ba lambar girma. Duk da haka 'yan Nazi sun karanta ta sarai: suka tumɓuke ta a 1934, daga baya aka narkar da tagullar. Sai a 1987 aka sake ƙera ta, aka mayar da ita gurbinta a lambun Rehberge.