Me Baƙi Ya Yi Wa Marubutanmu?

Kwanakin baya 'yar ƙanwata da ke Ɗambatta ta turo mini littattafan soyayya uku da take karantawa a WhatsApp. Na karance su tas. A dukkan ukun, tauraruwar labarin fara ce sol, doguwa, mai dogon hanci. Kishiya kuwa, ko uwar miji mai bin bokaye, baƙa ce wuluk, kuma marubuciyar ba ta gajiya da tuna mana hakan.

Wani zai ce ai harshe ne ya zo da haka. Gaskiya ne, muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini. Amma wannan zance ne na zuciya da hali. Marubutan nan sun kwaso shi sun shafa wa fata, har mai karatu ya saba gane mugu tun daga launinsa, kafin ya aikata komai. Wannan lalaci ne a rubutu: launi ya ɗauke wa marubuci wahalar gina hali.

A littafinsa Chromophobia na shekarar 2000, David Batchelor ya nuna yadda Turawa suka daɗe suna ƙyamar launuka masu haske, suna jingina su ga mata da mutanen Gabas. Namu tsoron na launi ɗaya ne, kuma tarihinmu bai goyi bayansa ba. Tufar da aka tsoma a baba har ta yi duhu, baƙi muke kiranta, ita ce kuma mai tsada. Rawani ɗan Kura mai ƙyalli, Buzaye daga Agadas suke nemansa. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, saƙa da rini ya tarar suna riƙe da arzikin birnin. Hatta harafin da marubuci ke cin abinci da shi, baƙi ne sunansa.

A garin su Magaji Ɗambatta, mai Amadi Na Malam Amah, je ka kasuwa ranar Lahadi ka dubi 'yan matan da ke talla. Nawa ne a cikinsu za su ga kansu a shafin farko na littattafan nan?

'Yar ƙanwata shekarunta 15, baƙa ce kyakkyawa kamar uwarta. Saƙon da ta turo bayan littattafan tambaya ce: "Kawu, nawa ake sayar da man bilicin a Kano?"